Bishiyar Nelson

"Yau iyakarmu nan," in ji Baba Tagwai. Ya jingina sandarsa a jikin tsamiyar, ya zauna a kan saiwa yana haki.

Irene ta dubi agogonta. Ko sha ɗaya ba ta yi ba. Yara wajen talatin da iyayensu suna tsaye a bayansa, kowa da farar hula mai tambarin shirin, wasu na rige-rigen karɓar madubin kallon tsuntsaye. Motar da ta kwaso su daga Narayi da Kudenda kuwa ba za ta dawo ba sai ƙarfe ɗaya.

"Haba Baba, bishiya biyu fa kacal muka yi."

"Biyun ba mutane ba ne? Malam Audu shi kaɗai ai ya isa yini guda." Ya daddaki jikin tsamiyar da tafin hannu. "Mutumin Soba ne. A cikin hularsa ya zo da ƙwallon wannan. Ran Juma'a in zai tafi masallaci ni ke riƙe masa injinsa, in aikin Lahadi ya faɗo a kaina shi ke riƙe nawa. Ga tsiya, ga rowar goro. Ku tsinci 'ya'yanta ku tsotsa, ku ji yadda halinsa yake."

Iyayen suka fashe da dariya, yara suka bazu suna tsinta, suna tsotsa suna yamutsa fuska. Irene ta rubuta a littafinta: layi na biyu, tsamiya, Malam Audu. Ta rufe littafin da ɗan ƙarfi, ta yadda tsohon zai gani. Ya gani sarai, ya yi kamar yana kallon balbela.

Lambun yana bayan ɗaya daga cikin tsofaffin masaƙun Kakuri, a gangaren da ke sauka zuwa rafi. Wanda bai sani ba zai ɗauka kurmi ne ya tsiro da kansa. A zamanin da jiniya ce ke tashin unguwar daga barci, ma'aikatan ɗakin saƙa sun yi wata al'ada tasu. Ranar da aka danƙa wa mutum injinsa, ya bar sahun 'yan koyo, sai ya je garinsu ya zo da irin itace ya dasa. Kuma ba inda ya ga dama zai dasa ba. Yadda injuna suke jere a ɗakin saƙa, haka bishiyoyi suke jere a lambu, wanda ke damanka a wurin aiki bishiyarsa na daman taka. Shi ya sa za ka ga atile na mutumin Kagoro kafaɗa da kafaɗa da fiyar wani Sylvester da ya zo daga gabas, ɗorawar Bazazzagi na inuwantar da su duka. Dokar wurin ɗaya ce: ba a sara. An rufe masaƙar yau shekara ashirin da 'yan kai, rufinta ya zube, mutanenta sun watse, ruwa ya ci wasu bishiyoyin. A cikin waɗanda suka san wa ya dasa me, Baba Tagwai kaɗai ya rage a Kakuri da hankalinsa.

Irene malamar firamare ce, ƙofar ɗakinsu na kallon ta Baba Tagwai a gidan haya ɗaya tun tana rarrafe. Ita da abokiyar aikinta Hafsat suka rubuta takardar neman tallafi, wata gidauniya ta amince. Aka ba su mota duk Asabar har ƙarshen damina, da huluna, da ruwan sha, da ƙananan allunan ƙarfe da za a rubuta sunan kowace bishiya da na wanda ya dasa ta. A takardar ta ce yaran birni ba su san ɗorawa ba sai a daddawa, kuma ba ƙarya ta yi ba. Amma akwai abin da ba ta rubuta ba. Mahaifinta, Nelson, shekara ashirin da huɗu ya yi a ɗakin saƙar nan. Ya rasu tana da shekara goma sha biyu. Hotonsa ɗaya ne a gidan, shi ma ruwa ya ɓata rabin fuskar. Tana so ta san bishiyarsa, ta taɓa abin da hannunsa ya dasa, tun kafin tsohon nan ya tafi da sanin.

Shi kuwa tsohon ya ƙi a yi tsallake. Tun ranar farko ta tambaye shi, ya ce, "'Yar Nelson, ana shiga ɗakin saƙa ta taga ne? Ta ƙofa ake shiga. In mun kai gare shi za ki gaisa da shi." Bishiyar kansa ma ya ƙi nunawa.

Da yammacin ranar da suka tsaya a tsamiya ta sami mahaifiyarta a tsakar gida tana tsince wake.

"Mama, don Allah ke ba ki taɓa bin Babanmu lambun nan ba? Ko sau ɗaya?"

"Harkar maza ce. Ni ina na ga lokaci, ga ku, ga kasuwa?"

"Ko irin itacen ba ki sani ba?"

"Miƙo mini wancan faifan," in ji Mama, ba ta ɗaga kai ba.

Kullum haka ake yi. Irene ta miƙa mata faifan, ta shige ɗaki ranta a ɓace.

Watan Agusta ya shigo da ruwa kamar da bakin ƙwarya, ƙafafun Baba Tagwai suka fara kumbura. 'Yarsa Vicky ta kai shi asibiti, aka ce zuciya ce, aka ce ya rage gishiri, ya rage yawo. Gishirin ya rage, yawon ne ya ce ba da shi ba. Sai dai yanzu keke-napep ke kai shi har bakin gangaren, iyaye maza biyu su ɗauke shi a kujerar roba su ajiye a gindin bishiyar da aka tsaya. A nan yake baje kolinsa. Ya koya wa yaran yadda ake gane ɗinya da ƙamshin ganye, da dalilin da ya sa ba a jifan kanya tun tana ɗanya. Ya nuna musu yadda suke magana da hannu a ɗakin saƙa, don ƙarar injuna ba ta barin ka ji ko tarin kanka: a taɓa kunne, manaja na zuwa, a shafa ciki, an kusa tashi cin abinci. Kafin mako biyu yaran Kudenda sun koma yi wa iyayensu gulma da hannu a cikin mota.

Iyayen ma sun fi yaran so. Wata mata ta zo da uwarta tsohuwa, aka kai ta gindin wata gwaiba, Baba Tagwai ya ce, "Ga Ben nan, mijinki. Har yau bai yi tsawo ba." Tsohuwar ta yi dariya har da hawaye, ta ƙi tashi daga wurin sai da mota ta yi ta hon.

Irene ta taya ta murna, amma kishi ya kama ta, ba ta ɓoye wa kanta ba. Ta lissafa Asabar ɗin da suka rage, ta dubi ƙafafun tsohon. Kullum labarin ƙara tsawo yake, bishiyoyin na raguwa: daga uku zuwa biyu, daga biyu zuwa ɗaya. Da suka kai ƙarshen layi na uku sai ya ce ya manta wani abu game da Malam Audu, a mayar da kujerarsa gindin tsamiya. Hafsat ta raɗa mata, "Anya tsohon nan ba wasa yake mana da hankali ba?" Ita ma Irene abin da ke ranta ke nan.

Asabar ta biyu a watan Satumba bai iya tashi ba. Suka kai yaran su kaɗai, suka zaga layukan da aka sani, aka ci biredi, aka dawo. Ranar Litinin Irene ta taso daga makaranta wajen ƙarfe uku, ko jaka ba ta ajiye ba Vicky ta leƙo.

"Anti, Baba na kiranki. Ya ce ki zo da littafin."

An jawo gadonsa kusa da ƙofa don ya sha iska. Ɗakin na warin man zafi, rediyonsa na gefen matashi a kashe. Ya rame, sai idanun nan nasa masu tsokana. Ya sa Vicky ta je ta sayo masa lemo a bakin titi, ko da yake ga lemo nan a kwano. Da ta fita ya ce, "Buɗe. Layi na huɗu, daga gefen masaƙa."

Ya fara zubo su. Mangwaro, Sam na Zonkwa. Kaɗanya, Ɗanjuma direba. Ɗorawa, wane ɗan wane. Babu labari, babu tsokana, sai suna da bishiya, yana tsayawa ya ja numfashi ya ci gaba. Ya gama layi na biyar, ya shiga na shida. Abin da ya hana su wata uku, ya gama shi kafin a kira la'asar a masallacin Makera. Irene na rubutu, tana jiran suna ɗaya. Ya kai ƙarshe, ya tsaya.

"Baba, ba ka faɗi Babana ba."

"Rufe littafin."

Ta rufe.

"Atilen da ke tsakiyar layi na huɗu nawa ne. Daga gindinsa, taki bakwai zuwa wajen rafi, nan ne wurin ubanki. Maɗaci ya dasa, don ya ce shi ba ya son bishiyar da yara za su riƙa jifa. Amma in kin je ba za ki same ta ba." Ya dubi rufin ɗaki. "Ni na sare ta."

Irene ta ji kamar an zare mata kujera. "Kai, Baba? Kai da ka ce ba a sara?"

"Ni na kafa dokar ma, ni na fara karya ta. Bari in gama, numfashina ba yawa." Ya lashi leɓe. "Shekara guda da rufe masaƙa ubanki ya mutu, ran Talata. Kin san yadda gidajenmu suke lokacin, ke ma kin sha kwana da gari. Muka bi gida gida, kowa tukunyarsa a kife. Kafinta ya ce shi ba ya son komai, aikin kyauta zai yi, amma ba shi da katako. Wani ya ce a naɗe shi a tabarma kawai, Allah ya san halin da ake ciki. Na ce mutumin da ya tsaya a damana shekara ashirin da huɗu, wanda in zarena ya tsinke kafin in juya ya ɗaura mini, ba zan sa shi a ƙasa kamar buhu ba. Da sassafe mu shida muka ari babban zarto muka sauka lambu. Yini biyu muna tsaga ta da hannu. Bishiyarsa na tare da shi, 'yar Nelson. A cikinta yake kwance."

Akwatin ya dawo mata a ido. Ja ne, ba fenti, yana wani wari mai ɗaci irin na ɗanyen itace. Mutum takwas suka ɗauka suna tangaɗi, kuma da suka sauke, kafaɗun fararen rigunansu duk sun yi ja. Tun ranar take faɗa wa mutane da alfahari cewa masaƙa ce ta aiko wa babanta da akwati saboda ƙwazonsa. Ta faɗa a makaranta, ta faɗa a coci, ta faɗa wa Hafsat.

"Mama ta ce masaƙa ce ta aiko," in ji Irene.

"Masaƙar da ke kulle da kwaɗo? Uwarki ce ta roƙe mu. Ta ce 'ya'yanta ba za su tashi da sanin cewa ubansu ya yi aiki har kunnensa ya toshe, ya mutu ba shi da ko akwati ba. Muka yi mata alkawari. Biyar sun tafi da shi a bakinsu." Ya yi wata 'yar dariya da ta koma tari. "Ni ma so na yi in mutu kafin mu kai layi na huɗu. Na ja, na ja, na ƙara wa Audu labarin da bai yi ba. Mutuwar ma ta yi mini nawa. Sai na ga in na tafi haka, za ki yi ta rungumar bishiyar wani kina kiranta ubanki."

Fushi ne ya fara zuwar mata, na wata ukun da ta yi tana bin kujerarsa kamar mai roƙo. Ta buɗe baki za ta faɗa, sai ta ga hannunsa a kan bargo, yatsun nan da suka karkace. Ta kama hannun, ta kifa goshinta a kai ta yi kuka sosai. Bai hana ta ba.

"Ta yi girma?" ta tambaya daga baya.

"Wa? Maɗacin? Ni da ubanki in muka haɗa hannu da ƙyar muke zagaye ta. Ta fi atilena kyau, ban taɓa faɗa masa ba."

Da ta fito, Mama na zaune a bakin murhu tana fifita wuta. Ta dubi idon Irene sau ɗaya, ta mayar da kai.

"Ya faɗa miki."

"Ya faɗa."

Mama ta ci gaba da fifita, wutar kuwa ta riga ta kama. "Kunya na ji," ta ce. "Har yau in na bi ta bayan masaƙa sai in tsallaka titi. Ki yafe mini."

Irene ta zauna a ƙasa kusa da ita, ta karɓi mafificin daga hannunta ta ajiye.

Ranar Alhamis da hantsi Baba Tagwai ya rasu. Ya sha kunu rabin kofi, ya ce wa Vicky ta buɗe masa taga, kafin ta ɗaure labule ta juyo ya tafi. Kafin azahar tsakar gidan ta cika. Matan zumunta na coci suka zo da kayansu iri ɗaya suna waƙa, Fasto ya yi addu'a, Hafsat ta zo da mijinta suka zauna a benci tare da kowa. Tsofaffin ma'aikata uku suka iso daga Sabon Tasha, duk kunnensu ya yi nauyi, suna gaisawa da hannu irin na ɗakin saƙa. Vicky ta ce abu ɗaya ya bar musu wasiyya, kada kowa ya kuskura ya taɓa masa atile, akwatin kanti ya ishe shi. Aka binne shi ran Juma'ar mako mai zuwa.

Washegari Asabar motar ta zo kamar kullum. Hafsat ta ce ko a ɗaga, Irene ta ce a'a. Tana ƙirga yara a bakin ƙofa sai ga Mama ta fito da zanin zuwa coci da takalmin roba, ta shiga motar ta zauna a kujerar gaba, ba ta yi wa kowa bayani ba.

An yi ruwa da safe, lambun na ɗiga. Allunan sun dawo daga wurin mai rubutu tun Laraba, aka raba wa iyalai, kowane gida ya ɗaura wa bishiya ɗaya nata da waya, ba ƙusa. Irene ce ke gaba yau. Ta faɗi abin da ta riƙe game da kowa, inda ta manta yaran suka tuna mata. A gindin atile ta ce, "Wannan Baba Tagwai ne." Wani uba ya cire hularsa, sauran suka bi.

Allo ɗaya ya rage a jakarta. Ta juya ta fuskanci rafi, ta yi taki bakwai. Wurin fili ne tsakanin atile da wata kaɗanya, ciyawa har gwiwa, rana na sauka a kai don babu reshen da ya tare ta. Sau nawa ta ratsa ta nan da littafi a hannu? Ta cire takalmi ta lalubi ƙasa da ƙafa, har tafinta ya hau wani abu mai tauri, mai faɗi.

"Nan wurin Babana ne," ta ce. "Sunansa Nelson. Maɗaci ya dasa. Da ya mutu ba mu da akwati, sai abokan aikinsa suka sare ta suka yi masa."

Ta faɗa da ƙarfi yadda na baya za su ji. Sannan ta dubi Mama, tana tsoron abin da za ta gani.

Mama ta ratso mutane a hankali. Ta tattare zaninta, ta durƙusa a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta fara tuge ciyawar da hannu tana tarawa a gefe. Kututturen ya fito kaɗan kaɗan, baƙi wuluk, daidai da ƙasa, faɗinsa ya fi babban faranti. Ta share ƙasar da ke kai da tafin hannu. Sai ta kwance makullin ɗaki daga bakin zaninta, ta kankare gefe ɗaya, ta sake kankarewa, har jan itacen ya bayyana.